Kwaɓi a Cikin Boris

Harafin ya tashi, ya bugi takarda, ya ƙi komawa. Ya tsaya ƙiƙam a sama, na bayansa ya zo ya hau kansa.

Orla Tierney, mai gwajin tafireta, ta ɗauke hannunta. "To, injiniya, amaryar taka ta sake yin yaji."

Injiniya Emmett Dreschler ya matso. Ya kwance sandar harafin, ya kai ta bakin taga. Abin da ya gani jiya shi ya sake gani: baƙin kwaɓi ya cika boris ɗin. Ya shafa, ya sansana. Mai ne.

Duk wanda ya yi aiki a masana'antarmu ta tafireta a garin Syracuse ya san ciwon tsohuwar tafireta. Sandunan haruffa a kan waya guda suke juyawa, da wayar ta cinye sai rubutu ya fara tangaɗi. Emmett ya ce zai yi maganin abin. Ya sa wa gaɓar kowace sanda boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ba su fi kan fil ba. Sharaɗinsu ɗaya ne: a bushe suke aiki. Ɗigon mai ɗaya ya isa garin robar goge rubutu da ƙurar takarda su manne, komai ya cije.

Manaja kuwa ya gaji da jira. Ya ce ranar Juma'a zai zauna da kansa, in tafiretar ba ta yi aiki daga safe har tashi ba, za a koma kan zanen abokin gasarsa, Lyman Pruitt, Emmett kuma ya bar teburin zane ya koma ɗaurin kusoshi.

Ba ɗaurin kusoshin ne ya fi damunsa ba. Mahaifinsa ne, tsoho Gottlieb, wanda aikin jirgin ƙasa ya ranƙwafar, ya kuma yi ta cin wuya har ɗansa ya yi karatu. Babu wanda bai ji daga bakinsa ba cewa ɗansa injiniya ne, daga coci har shagon aski. Tun da ya bar aiki hannunsa bai iya zama ba, gidansu ne kaɗai a layin da ƙofarsa ba ta ƙara. Kullum jiniyar rana ta busa, ga shi nan da burodi da cuku a takarda mai shatin yatsu, ko ƙanƙara ake zubawa. Ya zauna kusa da murhun ɗakin gwaji, ya yi ta kallon tafiretar kamar jikarsa. Emmett ba ya yi masa zancen aiki. Ina tsoho ina zanen boris?

Abin haushin, da safe lafiya lau tafiretar take. Emmett zai wanke kowane boris da fetur, ya busar, Orla ta yi ta zuba gudu kamar ruwan sama a kan kwano. Da yamma ta yi sai haruffa su fara nauyi.

Emmett ya fara da zargin Orla, har jakarta ya ce ta buɗe. Ta zazzage masa ita a tebur. "Duba da kyau, ko hodata ce ke ɓata maka ilimi."

Ya koma kan Pruitt. A gaban ma'aikata ya tare shi, ya kira shi maƙetaci. Pruitt ya gyara tabarau, ya yi 'yar dariyar nan tasa mai ƙona rai. "Ni? In ɓata abin da ya iya ɓata kansa? Yaro, je ka huta."

Emmett ya sayi kwaɗo ya sa wa ɗakin gwaji, ya rataye mabuɗin a wuya. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa. Ɗakin cin abinci ma ya daina zuwa. In Orla ta fita hutun rana, iyakarsa famfon ƙarshen baranda, ya wanke hannu ya dawo ya ci burodinsa a tsaye. Duk da haka, kwaɓin bai fasa ba. Ya canja girman ƙwallayen, ya canja ƙarfen, ya zargi mai kawo fetur. Ya rame, ya zama abin tausayi, mu ma muka daina tsokanarsa.

Ranar Juma'a manaja ya zo, Pruitt na biye. Safiya ta yi kyau, layuka suna fita a miƙe, har manaja ya cire kwat ya kunna sigari. Jiniya ta busa, kowa ya tafi cin abinci. Emmett ya wanke hannu cikin sauri, ya dawo ya ci burodin da tsohon ya kawo.

Aka dawo, Orla ta ci gaba, tana bugawa tana gogewa. Can sai harafi ɗaya ya yi jinkiri. Wani ya bi shi. Sannan uku suka sarƙe a sama. Manaja ya kashe sigarinsa, ya ɗauki kwat. "Litinin ka ga shugaban masu ɗauri," ya ce, ya fita.

Da aka tashi, tsohon na tsaye a bakin ƙofar masana'anta da hularsa a hannu. Kallo ɗaya ya yi wa fuskar ɗansa ya gane.

"Ta cije, Baba," Emmett ya ce. "Shi ke nan."

Idanun tsohon suka kawo ruwa. Ya laluba aljihun kwat ɗinsa, ya fito da 'yar butar ƙarfe mai dogon baki, yana jujjuya ta cikin takaici.

"To me kuma take so, ɗana? Kullum ka fita wanke hannu sai na bi gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya na ɗiga musu mai, yau ma har ninkawa na yi."