Takalmi Lamba Arba'in da Shida

Duk ranar Alhamis, da an tashi daga atisaye, Orozbek-agai, wato Malam Orozbek, yakan shimfiɗa leda a tsakiyar filin ƙwallon kwando, ya zazzage borsok, ƙananan fanken da matarsa Burul ta soya. Yara su zauna, ya yi ɗan karatu, a shafa, a ci. Kowa a garinmu Tokmok ya san suyar Alhamis ta mamata ce, ana yi ne don ƙanshin mai ya kai gare su. Ta wane mamaci kuwa, wannan ba a tambaya, balle a tambayi mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa.

Da ƙuruciya ya shekara goma sha biyu yana yawon gasa ƙasa-ƙasa, danginsa a akwatin talabijin suke ganinsa. Da gwiwoyi suka ƙi, sai ya dawo ya shiga tara yaran da kowa ya gaji da su: masu fasa shago, masu shaƙar sholisho, masu kwana a tasha. Mu dai ba mu taɓa jin kukan yaro a gidansa ba, don haka muka ce abin da ya rasa ne yake nema a 'ya'yan wasu.

Tilek kuwa agai da kansa ya je ƙofar gidan kangararru ya ɗauko shi, har ya kira sunansa tun ba a nuna masa shi ba. Ɗan ƙauyen Kochkor ne, shekara sha bakwai, dogo, ba ya kallon idon mutum. Ranar farko ya zo da silifas, yara suka yi ta yi masa tsiya wai tumakinsa nawa ya bari a waje. Washegari agai ya miƙa masa takalmi lamba arba'in da shida, sabo fil, ko da yake kwalin ya koɗe. Ya ɗan yi masa yawa, ya cusa jarida.

Babu wanda ya sha wuya a hannun agai kamar Tilek. Kowa jifa ɗari, shi ɗari uku. In ya yi kuskure a tsawata masa, in ya yi daidai a yi shiru. Amma da ya juya baya, sai ka ga agai ya daɗe yana kallon ƙafafun yaron. Burul, wadda da can takan shigo ta zuba shayi, ta koma miƙo kwanon daga bakin ƙofa.

Shekara ta zagayo, wata makarantar wasanni a Bishkek ta ce tana son yaron. Sharaɗi ɗaya ne: tunda ya taɓa zaman kaso, sai babban mutum ya sa hannu ya tsaya masa. In babu, sai komawa Kochkor, inda ko gaisuwarsa ba a amsawa. Tilek ya gaya wa kowa satar mota ce ta kai shi ciki. Kwana huɗu takardar tana aljihunsa, ya kasa fito da ita.

Ranar Alhamis aka shafa addu'a, Tilek bai taɓa borsok ba. Da yara suka watse, ya ajiye takardar a gaban agai.

"Agai, kafin ka sa hannu. Ba mota ce kaɗai ba."

Ya faɗa masa duka: yana shekara sha huɗu ya ɗauki motar maƙwabci, ya buge wani yaro mai keke a hanyar tasha, ya gudu bai tsaya ba. A kotu uban yaron, tsoho tukuf sai ka ce kakansa, ya riƙe farar hularsa yana ta cewa autansa ke nan, autansa ke nan.

"Ka san sunansa?"

"Ilgiz. Kullum da shi nake tashi."

Agai ya ɗauki borsok guda ya sa masa a tafin hannu.

"Ci, ɗana. Ashe kai ma kana kiransa."

Ya sa hannu a takardar, biron na ɓacewa cikin yatsunsa.

Ranar tafiya agai ya raka shi tasha. Takalmin ya sha faci, amma Tilek ya ƙi rabuwa da shi. Direba na ta yi musu hon, yaron ya rungume shi, ya ce a hankali, "Na gode, ata." Wato baba. Agai ya dafa ƙofar motar, ya ce masa kawai ya ɗaure igiyar takalminsa.

A gida Burul ta tambaye shi ko yaron ya tafi, ya ce ya tafi. Ta ce me ya ce? Da ya gaya mata, ta rufe fuska da gyale ta yi kuka mai cin rai, domin wannan ne karo na farko da wani ya kira mijinta da wannan suna. A wajenmu ɗan fari na kakanni ne. Nasu ɗan, Ilgiz, wanda daga shi ba su ƙara ba, yana kwana arba'in suka miƙa shi ga mahaifin Orozbek a Kochkor, ya tashi yana kiran tsohon baba, yana kiran Orozbek yaya, har ranar da ya hau keke ya nufi tasha don ya tari yayan nasa da ya sayo masa takalmi.