Ƙwayar Inna Tanna

Furera ta zo Mayahi ne karɓar ƙwayar ciwon zuciya ta mahaifiyarta, Inna Tanna. Tana tsaye gaban majo, babban malamin likitar, sai tari ya sarƙe ta.

Ta ce masa kar ya damu, tana kan shan magani. Ta kwance bakin zane ta nuna masa kwalin da ta saya a kasuwa. Har ta ƙara da cewa ta raba shi biyu ta bai wa tsohuwa rabi, don ita ma ta fara tarin.

Majo ya ajiye biro.

"Malama, wannan antibiyotik ɗin ba ya haɗuwa da ƙwayar zuciyar tsohuwarki. In suka gamu cikin jiki, sai tashin zuciya, sai jiri, gani ya canja launi, bugun zuciya ya rikice. Maza ki kawo mani ita."

Ta kira wayar gida, a kashe. Ta kira ta maƙwabta, babu rezo, layi ya ƙi shiga. Ko sallama ba ta yi ba, ta fito ta haye moton Haladu, ɗan kabu-kabun garinsu.

Hanyar garinsu Issawane rairayi ce zalla. Moto na tangaɗi, cikinta na juyawa, ga rana a tsakar ka. Ita da hannunta ta ɓare ƙwayar nan ta miƙa wa uwar da ta haife ta! In wani abu ya faru, me za ta ce wa dangi? Me za ta ce wa Allah?

A tsakiyar gonaki ta sa Haladu ya tsaya, ta durƙusa ta yi amai. Ta ɗago, karan hatsi da sararin sama duk sun yi mata rawaya-rawaya. Tsoro ke nan, haka yake yi wa mutum. Ta goge baki ta ce su tafi.

Tana kutsawa gida ta tarar da Inna Tanna zaune gindin itacen bedi, tana ɓarar wake, garas da ita.

"Inna! Kin sha maganin tarin da na ba ki?"

"Wancan mai ɗacin tsiya? Yana can saman danga. Ke kika iya haɗiyar shi."

Furera ta zube kan tabarma tana hamdala, tana dafe da ƙirji.

Tsohuwa ta dube ta, ta girgiza kai.

"Kin gani ko? Har yanzu gabanki bai bar faɗuwa ba tun da ɗanki Gazali ya tahi haƙar zinari. Ni zuciyata ta tsufa, mi za ta yi da magani? Shi ya sa ƙwayar tawa, kullum da sahe, ke nike daka ma ita cikin hura."