Ɗigon Awiti a Taswira

Cikin Awiti wata huɗu ke nan lokacin da ma'aikatan lafiya suka sauka a tsibirinmu na tafkin Victoria, ɗauke da wata shirgegiyar taswira. Awiti mai shanya ƙananan kifi ce. Tana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, kuma ba ta wasa da magani, don an tabbatar mata in ta riƙe shi kullum, jaririnta zai fito lafiya ƙalau.

Shugabar ma'aikatan, Sista Adongo, ta yi bayani dalla-dalla. Duk mai shan magani za a yi masa ɗigo ɗaya a inda yake zaune, babu suna. Inda ɗigo ya taru, can jirgin asibiti zai riƙa zuwa kowane wata.

Ashe Ogutu, shugaban masunta, ya riga ya bi ɗaki-ɗaki. Cewa yake in tsibirin nan ya cika da ɗigo, ba dillalin da zai ƙara taɓa kifinmu. Mutum ne da ba ya ganin komai sai sikeli. Da ya zo kan Awiti ya ce, "'Yar ƙasar Gem, ke da gidan miji guda a tudu, za ki kira wannan akurkin kwanon gida? Kar ki ba mu kunya mana."

To, mu 'yan ƙabilar Luo, gida shi ne abin da muke kira dala, wato ƙauyen asali inda aka binne iyaye. Bakin ruwa wurin nema ne kawai, ko da mutum ya shekara ashirin yana kwana a can. Da Sista Adongo ta tambayi Awiti ina ne gida, sai ta faɗi ƙauyen surukanta. Haka kusan kowa ya yi. Abin takaicin, ko ƙarya ba su yi ba.

Taswira ta nuna tsibirinmu fayau, jirgin asibiti ya nufi wasu tsibiran.

Awiti ta ci gaba da tsallaka ruwa zuwa asibitin tudu, har damina ta kankama. Tafki ya haukace, masu kwale-kwale suka ja da baya, ciki kuma ya tsufa. Magani ya ƙare. Sati bakwai ba ta haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba, a haka ta haihu a ɗakinta.

Da ruwa ya lafa ta kai jaririyar gwaji. Ashe yarinyar ta kamu.

Sista Adongo ba ta yi mata faɗa ba. Taswirar ta shimfiɗa, ta ɗora yatsa can cikin tudu. "'Yar'uwa, ga ki nan. Sau uku muna aika miki magani a babur, sai dai a tarar da ɗaki a kulle da kabarin surukinki."

Awiti ta daɗe tana kallon ɗigon. Yanzu kowace safiya sai ta ɗura wa 'yarta magani kafin ta ba ta nono, kuma yarinyar za ta sha shi iya rayuwarta. Ogutu kuwa yana nan yana auna kifinsa.

Jama'a, taswira abin da muka faɗa mata kaɗai ta sani. In ma'aikacin lafiya ya tambaye ka gida, faɗa masa inda kake kwana, don mai ɓoye kansa ga taswira maganinsa ya ɓoye wa kansa.