Komayya da Burburwa

Shekarar da hatsi ya ƙare mana tun kafin gero ya yi kai, unguwarmu Gyaɗi-Gyaɗi duk gonaki ce. Kakata ta wajen uwa ta zo daga arewacin Katsina, ƙafafunta a kumbure saboda yunwa.

Wata rana bayan azahar ta miƙo mini ƙwarya. Ta ce, “Jeki ki kaɗo mini 'ya'yan komayya. Da kununta muka tsira a yunwar fari.”

Ban san komayya ba, don haka na bi da tambaya. Na fara da mai yankan ciyawar dawaki. Ya lissafa mini gamba, harƙiya, kirikiri da ƙyasuwa, ya ce iyakar saninsa ke nan. Na biyu wata mai daddawa ce a hanyar Tarauni. Ta ce, “Yarinya, koma dai gida, ita ce komayyar.” Na uku bai ko ɗago kai ba.

Da la'asar na komo da ƙwaryata wayam. Kaka ta dubi gefen zanena, ta tsinci wani ɗan kan ciyawa da ya maƙale.

“Ke 'yar nema! Ga ta kin kwaso a zane.”

“Iya, ai burburwa ce. Da ita muke shara.”

“Kanawa!” in ji ta. “Kuna share ƙasa da abinci.”

Ta murje shi a tafin hannu, ta lashe. Washegari na cika ƙwaryar, amma cikin Kaka ya daina karɓar komai. Ba ta ga lokacin kaka ba.

Har yau ba a shigo mini da tsintsiyar burburwa gida.