Tsohon Giza Ya Ɓace a Kasuwar Roman Road

A buɗe Lenny Scutt ya bar ƙofar gida. Ya leƙa ko'ina bai ga babansa ba, kujerar da yake zama ma wayam, sai ya fizgi kwat ya fita, ko maɓalli bai tsaya sakawa ba.

Asabar ce, kasuwar Roman Road ta cika maƙil. Tsoho in hankalinsa ya fara gushewa, da ya fita ba ya gane hanyar komawa. Ga motoci, ga kuma ruwan nan mai zurfi da ya ratsa bayan unguwa. Da Lenny ya tuna ruwan sai ya ƙara sauri.

Ya tsaya gaban mai kifi yana haki.

"Don Allah, ba ka ga wani tsoho ba? Dogo, mai furfura, da kwat ruwan toka."

Mai kifin ya dube shi sama da ƙasa. "Maigida, tsofaffin giza a kasuwar nan sun fi kifina yawa. Wanne daga ciki?"

Kalmar ta soki Lenny. Giza dai haka 'yan gabashin Landan ke ce wa namiji, in ya manyanta ya koma tsohon giza. Babansa, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, ya ƙi jinin a kira shi haka. Yakan ce asalinta sunan masu ɓad da kama ne, masu rufe fuska lokacin Kirsimeti suna bin gidaje da wasa. "Ni kuwa fuskata ce wannan," in ji shi, "ba aro na yi ba."

"Albert Scutt sunansa!" Lenny ya ɗaga murya. "Kowa ya san shi a tasha!"

Mai kifin ya daina dariya. "Scutt ka ce? Zauna kan akwatin nan, in kawo maka shayi."

Wane irin shayi! Lenny ya kutsa cikin jama'a. Shagon da baban yake sayen taba, ya tarar wayoyi ake sayarwa. Ya tambayi mata biyu a tashar bas, ɗaya ta miƙe ta ba shi wurin zama. Gwiwoyinsa na zafi, ƙafarsa ta jiƙe sharkaf, amma bai tsaya ba sai kan gada.

Can ƙasa, kusa da bango, wani abu ruwan toka yana yawo a kan ruwa.

"Baba!"

Ya kama ƙarfen gadar, ya ɗora ƙafa ɗaya. Bai iya iyo ba, bai kuma damu ba. Yana ƙoƙarin ɗora ta biyun aka rungumo shi ta baya.

"Sake ni! Babana ne a ciki!"

Wata mata ce, ta haura hamsin, idanunta jajur. Mai kifin na bayanta da waya a hannu, shi ma yana haki.

"Leda ce," in ji ta. "Duba da kyau, leda ce kawai."

Lenny ya duba. Leda ce.

"To ina yake? Baiwar Allah, taimake ni, tsoho ne, ba zai iya komawa gida shi kaɗai ba."

Ta durƙusa ta mayar masa da silifas ɗinsa da ya fice, ta tashi ta saka masa maɓallan kwat ɗinsa ruwan toka.

"Baba, ni ce Denise, 'yarka. Kaka Albert ya rasu tun ba a haife ni ba. Kai muke nema tun safe."