Aljihun da Ba a Farkewa

Darrell Sobczak ya tsaya gaban madubi, ya shanye tumbi har idonsa ya yi ja, amma maɓallin tsohuwar kwat ɗinsa ya ƙi shiga. Wata takwas ke nan ba aiki, daga kujera sai firiji. Jibi ƙarfe goma yana da intabiyu a kantin Halvorsen, inda ake neman shugaban sashen hana sata. Shekararsa hamsin da bakwai. Ya san in wannan ta kuɓuce, a garin Toledo dai ba mai sake kiransa.

Aikin dama nasa ne. Shekara goma sha huɗu ya yi shi a wani babban kanti kafin a rufe. Ma'aikata talatin da ɗaya ya kora, kowanne a bakin ƙofa, a gaban masu sayayya, na'urar kama ɓarayi tana ihu. "Ƙararrawa ba ta ƙarya," in ji shi kullum. Har a takardar neman aikin sai da ya rubuta haka.

Kwat a manyan kantuna ta fi ƙarfinsa yanzu, sai ya faɗa wani ɗan shagon tela a titin Lagrange. Wata 'yar ƙararrawar tagulla ta kaɗa a saman ƙofa.

"Baba tsoho, wannan ce duk tsaronka?" ya ce yana dariya. "A minti biyar zan kwashe maka shago."

Telan, mai farin gemu da tabarau mai kauri, ya ɗago daga keken ɗinki. Ya daɗe yana kallonsa. Darrell kuwa kayan da ke rataye yake kallo. Bai taɓa ɓata ido a fuskar mai yi masa hidima ba.

"Lamba arba'in da huɗu ta wuce, yallaɓai," in ji telan. "Yanzu sai arba'in da takwas."

Darrell ya kai hannu kan wata baƙa mai sheƙi. Telan ya girgiza kai.

"Jana'iza za ka, ko neman aiki? Gwada wannan."

Shuɗiya ce mai duhu. Kafaɗa ta zauna daram, hannu ya tsaya daidai inda farar riga ke ɗan leƙowa, tumbin ma ya ɓace kamar an yafe masa. Darrell ya juya hagu, ya juya dama, bakinsa ya buɗe. Yana tsaye ana kafa allurai a ƙafar wando ya zayyana komai: sunan kantin, rana, lokaci, da yadda yake gane ɓarawo tun daga tafiyarsa.

"Ba ka taɓa kuskure ba?"

"Ni? In na ce mutum ɓarawo ne, ƙofa ma sai ta yarda da ni."

Telan ya cire allura daga bakinsa, ya ce a dawo gobe. Ya rubuta suna a takardar karɓar kaya ba tare da ya tambaya ba.

Washegari kwat ta sha guga tana jira. Darrell ya ce zai biya a hannu, a bar zancen rasit, haraji ya ishi mutane. Telan bai musa ba. Da Darrell ya nemi zura hannu a aljihun kwat, sai ya ji bakin a ɗinke.

"Kul, yallaɓai. Sabuwar kwat haka take zuwa. Ƙauyawa ne ke farkewa su cusa makulli, ta yi ciki kamar jakar gyaɗa. Manya ba sa taɓawa."

Darrell ya janye hannu da sauri. Shi babba ne.

Ranar intabiyu, ƙarfe goma saura biyar ya isa Halvorsen. Madam Renata Kolb, manajar kantin, tana jiransa daga cikin ƙofa da masu gadi biyu, waɗanda za su zama yaransa. Ya gyara laktaye, ya miƙo hannu tun daga nesa, ya taka tsakanin ginshiƙan na'urar.

Ƙararrawa ta tsage da ihu.

Ya yi dariya, ya ce waya ce. Ya ajiye waya, ya koma, ya shigo. Ihu. Ya ajiye makulli da agogo. Ihu. Ya zare bel, hannu ɗaya riƙe da wando. Wata tsohuwa ta tsayar da keken sayayyarta don ta kalla da kyau, wasu suka ɗaga wayoyi.

Ɗaya mai gadin ya karɓi kwat ɗin, ya wuce da ita ita kaɗai. Ihu.

"Sabuwa ce, Malam Sobczak?" in ji Madam Kolb. "Muna iya ganin rasit?"

Rasit babu. Shi da bakinsa ya ce a bar shi.

Ta aika aka kawo almakashi, ta farke aljihun hagu. Siraran fararen robobi shida suka zubo, irin waɗanda ake mannawa a kaya, ba a kashe su sai an biya. Bayansu wani tsohon kati ya faɗo ƙasa.

"Na karanta takardarka," ta ce a hankali. "Ƙararrawa ba ta ƙarya. Ba haka ka rubuta ba? Ku raka shi."

A waje, bel a hannu, Darrell ya duba katin da mai gadi ya danƙa masa. Katin ma'aikaci ne na tsohon kantinsa: Alton Mabry, sashen kwat na maza. Ya tuna shi. Na goma sha tara ne cikin waɗanda ya kora, wanda ya taɓa kai ƙararsa wajen manaja, shi kuma Darrell ya jefa masa irin wannan roba ɗaya a aljihun hagu saura wata biyu mutumin ya yi ritaya.

Ya ƙura wa hoton ido, karo na farko a rayuwarsa. Abin da ya rage kawai a ƙara masa farin gemu da tabarau mai kauri.