Hoton Sabon Manaja

Sabon manaja ya sauke hoton tsohon manaja daga bango, bakinsa har kunne.

"Ni da kujerar nan mutu-ka-raba," ya ce wa mataimakinsa.

"Ai sai ka gaji, ranka ya daɗe!"

Manajan ya buɗe bayan firam ɗin zai saka nasa hoton, sai wasu hotuna suka zubo kan tebur. Ashe manajojin baya ne, an danne wani da wani, kowa da murmushi irin nasa sak. Ya ɗago zai nuna wa mataimakin.

Ya tarar da shi yana kallon tasa fuskar a gilashin firam ɗin, yana gwada murmushi.